Takardar Bayan Zanen Abu Salman

Shekara ashirin da shida ina sa wa hotuna firam a Aƙiƙ, nan ƙasar Larabawa, amma ranar da Abu Salman ya dawo shagona fuska a murtuke ba ta fita raina ba.

Abu Salman attajiri ne, jikan Kanawa kamar ni. A bara ya kawo wani zane da ya sayo a gwanjo a Turai: taga a buɗe, da bishiya a waje. Bayansa akwai tsohuwar takarda mai rubutun fensir. Ya ce, "Ya Usman, cire wannan dattin ka sa sabuwa, khalas, shi ke nan." Na cire ta da tururi a hankali. To, ƙa'idar da mu'allimina ya koya mini ita ce, abin da ka samu a bayan hoto ba a yar da shi. Ambulan ake sa shi, a rubuta sunan mai kaya.

Da ya dawo, wasiƙar lauya ce a hannunsa. Wata tsohuwa Bayahudiya ta ce zanen na gidansu ne, sojoji suka kwashe shi lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba ta da shaida sai ɗaya: mahaifiyarta ta rubuta sunayen 'ya'yanta uku a bayansa.

"Ka yar da takardar, ko?" in ji shi.

Wallahi na so in ce e, don mutumin da halaliyarsa ya saya. Na ce, "Tana nan, ya Ammi," wato baffa.

Sai ya ce, "Tayyib, ba laifi. Ɗauko."

Lauyoyi suka haɗa mu da tsohuwar ta kiran bidiyo a waya, jikarta na fassara. Na ɗaga zanen, ta ɗan gyaɗa kai kawai. Da na ɗaga takardar, sai ta kai yatsa kan gilashin wayar tana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe nata ne. Biyun farko yayyenta ne, ba su fito daga yaƙin ba.

Shari'ar na nan har yau, ban san wa za a ba ba. Amma ku masu shigowa aikin nan, ku girmama bayan hoto, don wani can yake ajiye mutanensa.

A ranar, ina riƙe da takardar, jikar ta ce, "Kaka na roƙo kada ka sauke tukuna. Tun tana 'yar shekara bakwai rabonta da rubutun mahaifiyarta."

Hannuna ya yi tsami, hawaye ya cika mini ido, amma ban sauke ba.