Injin da Aka Rataye a Darbejiya

Maigidana malamin gona ne, kuma har ya koma ga Allah bai iya iyo ba. Amma a shekarun da arzikin fetur ya shigo ƙasa, abokan aikinsa na ta sayen babur da rediyo mai kaset, shi sai ya tafi Kano ya dawo mana Kazaure da jirgin ruwa a bayan a-kori-kura. Ɗan ƙarami ne, fari, da injinsa na ratayawa a baya. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya sayar masa. Unguwa ta fito kallo, ni kuwa kunya ta hana ni leƙowa.

Na san dalilinsa, shi ya sa ban yi faɗa sosai ba. Ƙauyen da aka haife ni yana bayan duwatsu, kuma da aka yi madatsar ruwa sai ruwan ya shanye shi. An tashi mutane an ba su wani wuri, amma ba a tashin kabari. Innata tana can, gabas da wata tsohuwar kuka. Kukar ce kaɗai ta rage a sama, daga bakin ruwa ana hango kanta can nesa. Masunta sun ce ta fara ruɓewa, ba za ta daɗe a tsaye ba. Wata rana na ce masa ina so in je kusa da ita in yi wa Inna addu'a kafin ta faɗi. Sau ɗaya na faɗa, ina tsince shinkafa. Ashe ya riƙe.

Kwalekwalen masunta siriri ne, ga ni da tsohon ciki, babu wanda ya yarda ya ɗauke ni. Shi ya ce, "Ki haihu lafiya tukuna. Ni zan kai ki, a zaune kamar matar gwamna."

Kafin in haihu, sai ya shiga kula da injin yadda ya san ana kula da inji. A garinmu kowa ya san babur idan ya daɗe a ajiye yakan yi nauyin tashi, don haka ake tada shi lokaci-lokaci ya ɗan yi zafi. To haka ya yi. Ya rataye injin a reshen darbejiyar tsakar gida, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya cire babbar riga, ya ja igiya, injin ya kama ruri, farfela na juyawa a iska. Kaji su watse, yaran maƙwabta su cika zaure. Ya bar shi ya yi ta kuka har sai ya gamsu, sannan ya goge shi da tsumma ya lulluɓe da tsohon zanena. Ina cewa, "Malam, wannan abin naka zai kurmantar da ɗan da ke cikina." Ya ce ai gara yaron ya saba da muryar yayansa.

Bayan na yi arba'in muka tafi bakin ruwa, na bar jaririyar wajen ƙanwarsa. Na sa sabon zane. Ya zaunar da ni a tsakiyar jirgin, ya tura, ya hau da wandonsa jiƙe har gwiwa. Ja ɗaya injin ya tashi. Zuciyata ta yi fari, na ga kukar tana matsowa. Ba mu yi nisa ba sai ƙarar ta canja, wani wari kamar na ƙonannen takalmi ya taso, injin ya yi tari ya mutu. Ya taɓa murfin ya janye hannu da sauri. Ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa riga, ko motsi. Masunta ne suka jawo mu gaɓa, suna ta ƙoƙarin ɓoye dariya. Ni ban yi dariya ba.

Daga nan gidanmu ya koma gareji. Ya ce filogi ne, ya kwance ya kankare, ya sa sabo. Muka koma, injin ya kai mu daidai inda ya kai mu da farko ya sake mutuwa. Ya ce to baƙin man da ake haɗawa da fetur ne ya yi kaɗan, ya ƙara, hayaƙi ya turnuƙe mu, sakamako dai ɗaya. Ya ce ko ruwa ne ya shiga tanki, ya juye fetur ɗin ya tace da ɗankwalina. Ya kira bakaniken babur daga Roni, suka wanke kafireto, suka busa kowace ƙofa da baki. A darbejiya injin ba ya gardama ko kaɗan, sai an sa shi a ruwa an ɗora masa mutum biyu. Na ce masa, "Injin nan naka ɗan tudu ne irinka, ku biyun duk tsoron ruwa kuke."

Duk zuwan da muka yi, sai in ga kukar ta ƙara karkacewa. Na daina sa sabon zane. Daga baya ma na daina binsa, na ce idan ya ga dama ya sayar wa masu niƙa.

Wata ranar Asabar ya shimfiɗa tabarma ya kwance ƙafar injin, wajen da ba su taɓa buɗewa ba. Ina daka na ji ya yi shiru da yawa, sai na leƙa. Yana riƙe da wata 'yar roba mai fukafukai, ta ƙone ƙurmus ta zama kamar ƙanzo. Ya bi hanyarta da tsinke, ya ga daga ƙasa take ɗebo ruwa ta kai wa injin don ya huce. Ya daɗe yana kallon darbejiyar.

"Da ƙishirwa na kashe shi," ya ce. "Duk Juma'ar nan da nake tada shi a sama, wannan abar a bushe take juyawa. Ni ina ganin gata nake masa."

Na so in yi masa tsiya, bakina ma ya buɗe. Da na ga fuskarsa sai na koma na kawo masa ruwan sha.

Ba a samun robar a Kano. Ya ba wani direban babbar mota saƙo zuwa Ikko, muka zauna jira. Damina ta shigo da ƙarfi a shekarar, ta wuce, sai bayan an yi girbin gero saƙon ya iso. Wannan karon a cikin ganga cike da ruwa ya gwada injin. Wani siririn ruwa ya tsarto ta gefe, wanda ba mu taɓa gani ba tun da aka kawo shi. Ya kira ni in gani, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Washegari da hantsi muka tafi. Tun daga gaɓa na duba ban hango kukar ba, na ce a raina ko hasken rana ne. Injin ya wuce inda ya saba mutuwa, ya yi ta tafiya lafiya lau. Muka kai tsakiya. Babu kuka, babu ko reshe, ruwa ne shimfiɗe ta ko'ina. Ya zagaya, ya sake zagayawa, yana duban duwatsu yana duban fuskata. Ni ma duwatsun nake duba, amma daga kan ruwa duk sun canja mini kama.

Sai ya miƙa hannu ya kashe injin. Mutumin da bai iya iyo ba, a tsakiyar ruwa, da injin da ya sha ba shi kunya.

"Ba a addu'a cikin hayaniya," ya ce. "Ki yi a nan. Duk inda take, ruwan nan ya taɓa wurin."

Na ɗaga hannu na yi wa Inna addu'a, na yi kukan da ban samu yi ba tun da aka tashi garinmu. Bai ce in yi haƙuri ba, bai ce mu tafi ba. Yana zaune yana cewa amin, har na gaji don kaina.

Yau shi ma yana kwance a maƙabartar bayan gari. Ba ruwa tsakaninmu, da ƙafa ma ana zuwa, kuma 'ya'yanmu maza sun san daidai inda yake. Amma mata ba sa shiga can, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa tunanin ya kai ni ko bakin katanga. Shi ne da zai yi wannan tunanin, ina kewarsa ƙwarai.