Macijin da Na Yi wa Shaida a Waya

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yankan ciyawa a wata masana'antar jima da ke Challawa. Allah Ya jiƙansa. A takarda lebura ne, amma daga Sharada har Bompai, duk inda aka kashe maciji a bayan sito, shi ake aika wa. Zai zo a kekensa, ya sa sanda ya juya gawar, ya duba kai, ya duba ciki, ya tambayi yadda macijin ya yi da aka matso shi. Sai kowa ya gaji da tsayuwa sannan zai ce kasa ce, ko kumurci, ko kuwa an kashe shi a banza.

Yau ba mai jiran keke. Ma'aikata suna da zaure a waya, kuma da zarar damina ta faɗi, hotunan macizai sun fi gaisuwa yawa. Wanda ko ƙadangare ya gani sai ya yi tsalle, shi ke fara yanke hukunci. Na san da Baba yana raye da ya yi tsaki, domin yawancin hotunan daga nesa ake ɗauka, kan macijin kuma an riga an dagargaza shi da shebur.

Ni mai kula da sito ne a masana'antar, amma mutane sun ɗauka sanin maciji gado ne. Ban taɓa musantawa ba, don girman yana yi mini daɗi. A daminar bara, Bitrus, mutumin Filato da ya yi aiki da Baba ya kuma gaje shi a yankan ciyawa, ya sa hannu ƙarƙashin tulin fatu, wani gajeren maciji ya sare shi a yatsa. Aka kashe, aka turo mini hoto. Ya kira ni ya ce, “Ɗan Malam, duba mana. In tafi asibiti ko in ci gaba da aiki?”

Na buɗa hoton iyakar buɗawa. Akwai wani maciji mai shan ƙwai wanda zanensa ke kama da na kububuwa, amma ba shi da dafi; na sha jin Baba yana bayaninsa. Na ce shi ne, sai ya ci gaba da aiki. Washegari Bitrus ya tashi dasashinsa yana zubar da jini. Kububuwa ce. An yi masa allurar kashe dafi ya rayu, amma yatsan bai tsira ba.

Da na je dubiya, matarsa ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Bitrus ya ce, “Malam fa, in an sari mutum, ko kallon macijin ba ya yi sai ya ga mota ta tashi da mutumin zuwa asibiti.” Ni ban taɓa sanin haka ba. Abin da na gani shi ne juya gawa da sanda, ranakun da ba wanda aka sara.

Na ce, “To me ya sa ka tambaye ni?”

Ya ce, “Ai kai ɗansa ne.”

Kunyar wannan magana ba ta sake ni ba har yau. Baba bai bar mini iliminsa ba, yardar da mutane suka yi masa ya bari, kuma har yanzu tana da ƙarfin da za ta hana mutum zuwa asibiti. Kullum da safe ina wuce Bitrus a bakin katanga yana riƙe da lauje da yatsu huɗu, kuma shi ke fara gaishe ni.