Matar da Take Zama Inji Kowace Safiya

Takan riga kowa hawa bene. Ta buɗe tagogi, ta zuba wa shukar kan kabad ruwa, ta haɗa shayinta, sannan ta juya kujera ta ba kwamfuta baya. Daga nan sai ta miƙa hannu. Duk injiniyan da ya rubuta bayanin wata manhaja jiya ya san takarda zai ɗora a hannun nan.

A ofishin ana kiranta Anti Inji. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma da wuya a samu wani cikin masu cin moriyar aikinta da ya taɓa jin labarinta.

Kamfanin ƙarami ne. Yana ƙera mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, irin wanda mutum ke yi wa magana ta waya ya amsa. Mataimakin ba ya riƙe hirar jiya da kansa. In yana son tuna wani abu, sai ya kira wata ƙaramar manhaja da ke tono masa abin da aka ajiye. Bai taɓa ganin cikinta ba. Iyakar saninsa da ita 'yan layuka ne da injiniya ya rubuta: ga aikinta, ga abin da za a ba ta, ga abin da za ta dawo da shi. Aikin Anti shi ne ta duba ko layukan nan sun fito fili.

Ba ta yarda a nuna mata yadda aka gina manhajar. Ta ce da zarar ta gani za ta riƙa cike gurbi da kanta, shi kuwa mataimakin ba shi da wannan gatan. Sai ta karɓi takardar ta zama shi. Wani ya tambaye ta kamar abokin ciniki, marubucin bayanin ya zama manhajar, ita kuma ta yi abin da takarda ta ce kawai.

"Anti, ai kin san abin da nake nufi," injiniyoyin sukan ce.

"Ban san komai ba, ɗana. Yau aka haife ni."

Abin da ma'aikatan suka fi tunawa shi ne rigimar teloli a bara. Wata ƙungiyar teloli ta ɗauki mataimakin don ya riƙe musu awon masu kawo ɗinki. Tela ya faɗi sunan mutum, waya ta karanto masa ƙugu da kafaɗa da tsawo. Ba a daɗe ba koke ya fara zuwa. An ɗinka wa wani direba wando ya ƙi wuce cinya. An ɗinka wa wata yarinya rigar makaranta da awon da aka yi mata tun ba ta yi tsawo ba. Shugaban telolin ya zo da wandon a leda, ya shimfiɗa shi a teburin manaja, ya ce zai dawo sau ɗaya ya gwada da kansa. In an sake, kowa ya kama gabansa.

Wani injiniya da ake kira Dogo ne ya gina manhajar tonon, kuma aikinsa gaba ɗaya a kan kwangilar nan yake. In ta tafi, shi ma ya tafi. Ya bi manhajar layi-layi bai ga inda ta karye ba. Sai da ya rasa abin dubawa ya tuna cewa a gaggawar miƙa aikin bayanin bai bi ta hannun Anti ba.

Da ya kai wa Anti takardar, sakatariyar ofishin tana wurin. Ta ce Anti ta karanta layin a fili: "Tana dawo da awon abokin ciniki." Ta ɗago.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Anti. A taƙaice."

"To, zama manhaja. Ba ni awon direban."

Dogo ya rubuta awo uku a guntayen takardu, ya jera su yadda manhajar ke jerawa, ya miƙa. Ta ɗauki na sama, ta ce wa sakatariya ta je ta yanka yadi.

"Anti, wannan ai tsohon ne. Sabon yana ƙasa."

"Wa ya gaya mini?"

"Ga kwanan wata a jiki."

"Takardarka ba ta ce akwai kwanan wata ba. Awo ta ce. Na samu awo, na yi gaba."

Dogo ya kama kai yana dariya. Ita ba ta yi ba tukuna.

"Saura ɗaya. In ka dawo mini hannu rabbana fa? In ce wa tela ba a taɓa auna mutumin ba, ko in ƙaga masa ƙugu?"

Ba ta rubuta masa ko harafi ba, kuma ba ta taɓa rubuta wa kowa ba. Shi ya zauna ya ƙara cewa awo kan zo da yawa, tsoho a sama sabo a ƙasa, a ɗauki na baya-bayan nan a faɗi ranar da aka yi shi, in kuma babu a ce babu. Ta sake zama inji, ta nemi hanyar ɓata ta rasa, ta mayar masa da takardar.

Ranar gwaji shugaban telolin ya faɗi sunan kansa. Wayar ta karanto sabon awonsa da ranar da aka yi, ta ƙara da cewa an ɗan jima, ko za a sake sa tef. Ya shafa tumbinsa.

"Wa ya kai mata gulmata?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Kwangilar ta tsira, Dogo ma ya tsira. Da manaja ya tambayi wanda ya gano matsalar, Anti ta ce Dogo ne ya gyara, ita tambaya kawai ta yi.

Anti, ke ce kika yarda ki zama wadda ba ta san komai ba a gaban 'ya'yan cikinki, shekara da shekaru, ba ki taɓa gajiya da tambaya ba. Ke ce mai tsaya wa wanda ba ya ɗakin lokacin da ake rubutu. Babu sunanki a jikin manhaja ko ɗaya, amma babu wadda ta fita lafiya ba tare da kin taɓa ta ba. Mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya ƙara lafiya.

Duk mai rubuta wa wani umarni, ko mutum ne zai bi ko inji, ya yi koyi da ita. Ya ba wanda bai san komai ba ya bi, shi kuma ya rufe baki ya ga inda za a ɓace.

Makon jiya telolin suka aiko mata da doguwar riga ta sallama. Daga waya suka ɗauki awon da suka taɓa yi mata. Ta sa ta zo ofis, ta juya a gaban kowa, ta ɗaga hannuwa sama. Ta yi mata cif.