Ranar da Gwaggo Bokiti Ta Ƙi Wanke Jinin

Tun rana ba ta gama fitowa ba za ka same ta a ƙofar masana'antar kwali, tsaye a jerin 'yan wucin gadi, tana murza gefen mayafinta. Sunanta na yanka ya ɓace a hayaniyar injuna tun tuni. Gwaggo Bokiti kowa ke ce mata, har jikokinta in suna neman tsokana. Shekarun da ta yi tana sharar wurin nan sun isa a haifi yaro ya yi gemu, amma har yau 'yar wucin gadi ce. Masana'antar ba ta taɓa ɗaukarta ba. Wani kamfanin dillancin ma'aikata ke kawo su, wakilinsa kuma, wanda suke kira Dillali, shi ke fitowa kowace safiya yana nuni da yatsa: kai, kai, ke. Wanda yatsan ya sauka a kansa sai ya karɓi riga mai ruwan lemo ya shiga. Wanda aka tsallake ya koma gida ya san abin da zai gaya wa yara.

Gwaggo matsoraciya ce, ita da bakinta take faɗa. Tana tsoron yatsan nan fiye da maciji. Tana tsoron injin yanka, tana tsoron muryar Helma, shugaban leburori, wanda ko gaisuwarsa kamar faɗa take. To amma tsoron nata ya yi wa mutane rana. Ma'aikatan dindindin masu shuɗiyar riga ana koya musu aiki, a ba su safar hannu da takalman ƙarfe. Mai rigar lemo kuwa injin kawai ake nuna masa a ce ya kalli yadda na kusa da shi ke yi. Gwaggo ce ke zuwa da tsintsiyarta kamar shara ta kawo ta, ta raɗa wa sabon zuwa cewa wannan injin yana cizo in ya yi zafi, wancan kuma ba ya tsayawa nan take ko an kashe shi. Akwai magidanta da yawa da ke cin abinci da yatsunsu cif saboda raɗar nan.

Sai dai akwai aikin da ba ta son a tuna mata. In mai rigar lemo ya ji ciwo, hanyar a shirye take. A tuɓe masa rigar, don ta kamfanin dillanci ce, a tallabe shi ta ƙofar baya a ajiye a bakin titi, sannan a kira Gwaggo da bokiti. Kafin jini ya bushe daɓe ya koma fes. Masana'anta ta ce ba ma'aikacinta ba ne, Dillali ya ce ba a wurinsa abin ya faru ba, a ƙarshe labari ya zama babur ne ya kaɗe shi. Abin takaici, masu ciwon da kansu ke taya cire rigar, suna fatan in ba su tayar da ƙura ba yatsan zai sake nuna su. Wata mai naɗe kwali da injin ya murƙushe wa hannu har godiya ta yi wa Helma a bakin ƙofar. Gwaggo ta wanke jininta, daga baya ta gan ta tana bara a tasha, ta sauya hanya don kada su haɗa ido.

Ana cikin haka aka gyara doka. Gwaggo a rediyo ta ji: ɗan wucin gadi in ya ji ciwo a bakin aiki, da mai masana'anta da mai dillanci duk diyya ta hau kansu, babu sauran tura wa juna. Mutane suka yi murna, ita kuwa ba ta yi ba, don ta san gidan. Tunda magana ta koma kan inda aka ji ciwon, ƙofar baya ta ƙara daraja. Har mai aka ɗiga wa sakatarta don kada ta riƙa ƙara.

Ranar da ta jawo wannan rubutu, da hantsi abin ya faru. Baban Tagwaye, wani dogon ɗan wucin gadi mai yawan barkwanci da ke ce wa Gwaggo amaryarsa, bai daɗe a kan injin yanka ba. Kwali ya maƙale, ya kashe injin ya zura hannu, injin kuwa bai gama tsayawa ba. Mai gadi ya ce tun daga ƙofa ya ji ƙarar, ya ɗauka ƙarfe ne ya tsage. Da Gwaggo ta iso, mutumin na kwance, hannun dama ya tafi daga wuyan hannu, ga shi yana lalubar maɓallin rigarsa da na hagu, yana cewa a yi haƙuri, yanzu zai tashi.

Helma ya ce, "Gwaggo, kawo ruwa. Ku kuma ku cire masa rigar."

Ta kawo ruwan. Ta dubi daɓen, ta dubi mutumin da ke ba da haƙuri a kan hannunsa da aka yanke, sai ta zube ƙasa. Ta ja kansa ta ɗora a cinyarta, ta ɗaure dungulmin da ɗankwalinta tamau, ta damƙe wuyan rigar lemon da hannu biyu. Helma ya daka mata tsawa, ya tuna mata cewa gobe ma rana ce, kuma akwai masu tsintsiya cike da bakin ƙofa.

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ƙafafuna ne suka ƙi tashi."

Har yau ta dage cewa gaskiya ta faɗa, gwiwoyinta ne suka sage don tsoro. Mun yarda da gwiwoyin, Gwaggo. Amma hannuwan da ƙarti biyu suka kasa ɓamɓarewa daga wuyan rigar fa? Fitar da shi sai an ja tsohuwa a ƙasa a gaban kowa, kuma ba a sami mai wannan ƙarfin halin ba. Injuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu rigar lemo suka kewaye su shiru, wata a cikinsu ta ɓuya bayan tulin kwali ta kira motar asibiti. Ta babbar ƙofa motar ta shigo. A gindin injin suka ɗauke shi, da rigarsa a jikinsa, jinin na nan inda ya zuba.

Magana ta kai kotu, shari'ar kuma ta ja lokaci. Lauyar ƙungiyar ƙwadago ta nemi shaidu, kowa ya ce idonsa na kan aikinsa a lokacin, kuma ba za mu ga laifinsu ba, don bakin da ke jiran abinci a gida ba ya jin ƙarin bayani. 'Yar Gwaggo ta roƙe ta har da kuka kada ta je ba da shaida. Gwaggo ta rame, abinci ya daina shiga, amma ranar zama ta yafa mayafi ta tafi. Aka kira ta, ta miƙe. Muryarta ba ta fita sai da alƙali ya sa aka matso da ita. Aka tambaye ta inda mutumin yake lokacin da motar ta zo.

"A cinyata, ranka ya daɗe. Ni kuma ina gindin injin."

Da aka tambaye ta ko ta taɓa wanke irin wannan jinin a baya, ta ɗauka gidan yari za a wuce da ita, amma ta ce ta wanke, ba sau ɗaya ba, ta fashe da kuka. Kotu ta ɗora diyya da kuɗin magani a kan kamfanonin biyu. Tagwayen suna makaranta yanzu, ubansu ya koyi ɗaga kofi da hagu, kuma mai gadi ya ce sakatar ƙofar baya ta yi tsatsa.

Doka ta hana a kori wanda ya ba da shaida, kuma ba a kori Gwaggo ba. Ɗan wucin gadi ai ba a korarsa. Yatsan ne kawai ya zo kanta washegari, ya ɗan tsaya, ya wuce. Abin da ta yi rayuwarta tana tsoro ya zo ba hayaniya, kuma daga ranar bai sake sauka a kanta ba. Babu walimar sallama, babu ko na gode.

To mu mun gode. Ke ce mai shara da ta bar datti ɗaya tak a rayuwarta, dattin nan kuma ya fi duk tsaftar da kika yi. Ke ce kika nuna mana cewa mai tsoro ma yana iya riƙewa. Allah ya saka miki, ya buɗa miki inda ba a nuni da yatsa, ya sa masu gyaran doka su tuna da wanda ba a kora ba amma aka daina kira.

Har gobe tana zuwa ƙofar nan da safe, tana murza mayafi, gabanta na faɗuwa in Dillali ya fito. In ya tsallake ta, sai ta kamo hannun wani sabon zuwa ta ce masa in ya ji ciwo kada ya cire rigar, ya zauna inda ya faɗi, sannan ta kama hanyar gida. Ke kuma da kika gaji bokitinta, ranar na nan zuwa da za a ce ki kawo ruwa. Gwiwoyinki za su yi rawa, nata ma sun yi. Ki ajiye bokitin ki zauna.