Usur ɗin Baba Jibirilla da Kiran Magariba

Duk ranar Juma'a, da an idar da La'asar, za ka ga Baba Jibirilla ya sauko daga motar kamfani a bakin filin ƙwallon jami'armu a Riyad, usur a wuya, agogo a hannu, sanye da baƙar rigar da rana ta mayar toka-toka. Sauran ranakun mako yana can Birnin Masana'antu na Biyu yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Juma'a ce kaɗai hutunsa, ita ma ya ba mu kyauta, mu ɗaliban Afirka da muka zo karatun Shari'a da Larabci amma ƙafafunmu suka ƙi rabuwa da tamaula. Mutumin Damagaram ne, kuma shi ne alƙalin gasarmu tun kafin yawancinmu mu taka ƙasar nan.

Filin aro ne. Mudirin da ke kula da shi ya ba mu bisa sharaɗi guda: da ladan ya fara kiran Magariba, wasa ya mutu. Ranar da aka saɓa, ranar zai karɓe makullinsa. A kan wannan sharaɗi Baba ya gina dokokinsa. Kafin a take wasa yakan kira kyaftin biyu ya faɗa musu tsawon kowane rabi, don tazarar La'asar da Magariba ba ɗaya ba ce a sanyi da zafi. Idan wani ya ji ciwo, sai ya ɗaga hannuwa ya gitta su a saman kai, kowa ya san agogo ya tsaya. Saboda haka masu kwanciya a ƙasa don cin lokaci ba su taɓa cin riba a wurinsa ba. "Tashi, ustaz," yakan ce, "agogona ma ya kwanta tare da kai." In aka tashi kunnen doki a wasan kofi, sai ƙarin lokaci, wanda ya fara zura ƙwallo shi ke da nasara. Amma ladan yana gaba da duk waɗannan.

Ranar da na san ko wane ne mutumin nan ita ce ranar wasan ƙarshe tsakaninmu, 'yan Najeriya da Nijar, da ɗaliban Senegal. Ba mu taɓa ɗaukar kofin ba. Shakir, ɗan wasanmu na gaba, yana shekararsa ta ƙarshe, ya riga ya fara haɗa littattafansa zai koma Zariya. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka shiga ƙarin lokaci, rana kuwa tana ta gangarawa. Can sai Gali, kyaftin ɗinmu, ya tsere ta gefe ya ɗago ƙwallo. Tana sama ladan ya ce Allahu Akbar. Baba ya busa usur. Shakir ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga.

Muka ruga da murna, sai muka ga Baba yana kaɗa hannu alamar babu ci. Gali ya isa gabansa yana haki.

"Baba, don Allah. Ƙwallo ta bar ƙafata kafin kira."

"Ta bar ƙafarka, ɗana, amma ba ta shiga ba sai bayan usur."

"Ɗan dakatawa kaɗan fa za ka yi. Mu naka ne, Baba."

"Nawa ne ku. Shi ya sa nake so mako mai zuwa ma ku samu filin da za ku yi mini gardama a cikinsa. Khalas, magana ta ƙare, a tafi alwala."

Sai a lokacin muka lura mudir na tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu, yana kallon komai. Ya mayar da makullin aljihu ya bi mu masallaci. Juma'ar da ta biyo aka raba gardama da bugun fanareti, Senegal ta ɗauke kofi. Shakir ya koma gida hannu rabbana. Abin ya yi mana zafi ƙwarai, wasu suka yi makonni ba sa gaida Baba, har aka riƙa cewa ya sayar da 'yan uwansa. Shi kuwa bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Baba Jibirilla, kai ne ka yarda a ji haushinka don kada a rufe mana ƙofa. Na san ran nan kai ma kofin kake so, don na ga idonka lokacin da Shakir ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ka busa usur ɗin duk da haka. Ɗaliban da suka zo bayanmu sun tarar da fili a buɗe, yawancinsu ba su san wanda ya biya musu ba.

Yanzu kafilinsa, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar nan, ya sa hannu a takardar fita ta ƙarshe, Baba zai koma Damagaram wurin matarsa Inna Mariamou da jikoki. Juma'ar da ta wuce ya hura mana wasan bankwana, kuma Gali, wanda ya tsaya karatun digiri na uku, shi zai gaje shi. Muna godiya, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya kai ka gida lafiya. Duk wanda aka damƙa wa usur, a fili ne ko a ofis, ya dubi mutumin nan ya koyi busawa ko da a kan nasa ne.

A wasan bankwanan, wani sabon ɗalibi ya yanke 'yan baya, ya rage daga shi sai mai tsaron gida, sai ladan ya fara kira. Ya taka ƙwallo ya tsaya cak, sauran ma duk suka tsaya. Baba yana tsakiyar fili da usur a baki, bai kai ga busawa ba. Ya cire shi a hankali, ya rataya wa Gali a wuya, ya nufi wurin alwala.