Durƙuson da aka ɗauka ladabi ne

Allah ya halicce ni wada, kuma a wancan lokaci ina matar aure mai 'ya'ya, ina suyar kifin da mai gidana ke kamowa daga tabki nan Madarumfa. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma baki kam akwai shi. Tun ina budurwa abu guda na ƙi jini: a ce don gajartata sai an ɗauke ni. Shi ya sa da ƙafafuna suka fara yi mini wani iri, ban gaya wa kowa ba. In na ɗan yi tafiya sai su yi nauyi, su mace tun daga ƙugu, amma da na durƙusa sai jiki ya saki.

Sai na samo dabara. Duk ƙofar da na ga tsoho ko tsohuwa, sai in zube in kwashi gaisuwa, in tambayi gida, in tambayi awaki, har ƙafar ta farfaɗo. Unguwa ta ɗauka. Wata tsohuwa har gori take wa surukanta, wai su dogaye ga su kamar turaku, ladabi kuwa yana wurin 'yar guntuwa. Mai gidana yakan tsokane ni cewa in na tafi sayen gishiri sai miya ta ƙone, don sai na gaida gari kaf. Ina dariya, ciwo yana ci.

Ranar da muka tafi wani suna bayan gari da matan unguwa, hanya ta bi ta cikin garake, babu gida, babu tsohon gaisarwa. Kunya ta hana ni tsugunawa a fili, na dage. Can ƙafafun suka ɗauke gaba ɗaya, na faɗi, fitsari ya kufce mini gaban mutane. A amalanke aka mai da ni gida.

A likita ta Maraɗi, wato asibiti, lokotoro ya tambaye ni ko ina samun sauƙi in na duƙa. Na yi sororo, don ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan an ɗauki hoto ya ce mu masu wannan halitta, hanyar da jijiyoyi ke bi cikin ƙashin baya matsattsiya ce tun asali, shekaru kuma suna ƙara matse ta. Ya ce in tafi Yamai a yi mini aiki, in ba haka ba tafiyar na iya gagarata. Dangi suka ce kar in bari a taɓa mini baya. Na ce musu na ji, amma ƙafafun nawa ne, kuma zan tafi. Mai gida ya ce to, in tashi mu je, kifi zai jira shi.

An yi aikin. Ƙafar dama ta dawo, hagu har yau janta nake, lokotoro ya ce jinkiri ne ya jawo. Na gane ɓoye ciwo bai kare mini mutunci ba, rabin ƙafa ya ci mini. 'Yan'uwana wadanni, in ƙafa tana macewa a tafiya, ko fitsari ya fara gardama, ku nufi likita tun da ƙafarku. Ku kuma dangi, ku riƙa tambaya. Ni dai kullum da safe ina ɗaukar sandata in fita, kuma jiya na kai bakin tabki ba wanda ya riƙe ni.