Ranar da Autata Ta Kamo Kunnenta

A asibitin gwamnati da muke zuwa daga Adabka, yaron da bai cika shekara biyar ba kyauta ake duba shi, kati da allura da ƙarin ruwa duka. Wanda ya haura kuwa sai iyayensa sun taɓa aljihu. To, mu da muke haihuwa a ɗaka, wa ya ba mu takardar haihuwa? Shi ya sa matar da ke yankan kati ta ari dabarar malaman firamare: yaro ya ɗora hannun dama ta saman kai ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya girma.

Daminar da zazzaɓi ya kayar da autata, na san sarai ta cika biyar har da 'yan watanni. Na kuma san rumbunmu wayam yake, gero bai nuna ba. A kan babur, jikinta zafi rau, na yi ta raɗa mata cewa idan an ce ta miƙa hannu, kada ta miƙa sosai. Ta gyaɗa kai. Na manta da wa nake magana. Yarinyar nan ta shafe wata uku kullum tana gwada hannunta a tsakar gida, don an ce mata ranar da ta kamo kunne za a sa ta makaranta tare da yayyenta. Taurin kan kuma ba daga nesa ta ɗauko shi ba, nawa ne.

Layi ya zo kanmu. Mai katin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "Ɗiyata, aza hannu mu gani."

Ta miƙe tana rawar sanyi, ta karkata wuya, ta yi ta ja har yatsu biyu suka kama saman kunnen. Karon farko ke nan a rayuwarta. Ta juyo tana mini murmushi da busasshen baki.

Dattijuwar ta dube ni, ta dubi idon yarinyar da ya yi fari fat, sannan ta sunkuya kan littafinta.

"Ba ta kai ba. Ku shiga ɗaki na biyu."

"Na kai," in ji yarinyar. "Inna, hwaɗa mata. Ai kin gani."

Mata cike a bayanmu, wasu an riga an tura su wurin biya, kowa ya zuba mini ido.

Na ce, "Ba ki kai ba. Wuce mu tahi."

Ba ta yi kuka ba. Ta sauke hannun a hankali ta bi ni. Har yau ina yi wa dattijuwar nan addu'a, har yau kuma ina jin kunyar ɗiyata.

Kwananmu uku aka sallame mu, ta warke, ba mu biya ko sisi ba. Amma duk kwanakin nan, in ƙishirwa ta kama ta, matar da ke jinya a gadon kusa da mu take roƙo ta miƙo mata ruwa.